ƘURI'A BA TA ƊAURA AURE

A karanta: Matta 19:3-9, Fitowa 23:1-3, Yohanna 8:1-11



Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna tsaye a inuwar darbejiya bakin majami'a ana gaishe-gaishe, sai wani dattijon ekklisiya, mutum mai son rediyo da karatun jarida, ya tare mu da magana. Ya ce, "Fasto, na ji a Amurka a kan tara mutanen jiha guda su jefa ƙuri'a a kan ko a hana namiji ya auri namiji, mace kuma ta auri mace. Me zai hana mu roƙa a yi mana haka a Jigawa? A kan wannan magana mu da Musulmi bakinmu ɗaya ne. Ai ran nan duniya za ta san inda muka tsaya." Waɗanda ke kusa suka ce, "Gaskiya ne, Baba." Mu kuwa muka ce, "Baba, a ba mu kwanaki mu yi addu'a, mu yi tunani." Amsar ke nan mu ke rubutawa yanzu, mun kuwa ga ya kamata dukan masu-karatu su ji ta, gama tambayar ba a zuciyar Baba kaɗai ta ke ba.

Bari mu fara da labarin Amurka ɗin, domin Baba ya ji farkonsa, bai ji ƙarshensa ba. Ƙasar nan tana da jihohi 50, kowace da nata tsarin mulki, kusan dukansu kuwa ba a gyara tsarin sai an kai maganar gaban talakawa sun jefa ƙuri'a. Daga 1998 zuwa 2012 jihohi wajen 30 suka bi wannan hanya, suka rubuta cikin tsarin mulkinsu cewa aure tsakanin namiji ɗaya da mace ɗaya ya ke. A rana guda tak, watau 2 ga Nuwamba 2004, jihohi 11 suka yi haka. Kalifoniya ta yi a 2008, da mutum 52 cikin 100. Karolina ta Arewa ta yi ran 8 ga Mayu 2012, da mutum 61 cikin 100. Har tsoho Billy Graham, mai-wa'azin nan da iyayenmu suka taru suka ji shi a Kaduna da Jos cikin 1960, ya sa an buga kira a jaridu domin mutanen jiharsa su goyi bayan hanin. Masu-bi na can suka yi murna ƙwarai, suka ce yanzu kam an rubuta abin a kan dutse.

Ashe a kan rairayi aka rubuta shi. Wata shida kaɗai bayan na Karolina, cikin Nuwamba 2012, aka kai irin wannan tambaya gaban mutanen Minesota, suka ƙi. Mutanen jihar Main sun ce a'a ga auren jinsi a 2009, suka komo a 2012 suka ce i. Shekara uku ce tsakani. Ran 26 ga Yuni 2015 Kotun Ƙoli ta ƙasar ta zauna, alƙalai 5 cikin 9 suka yanke hukunci, dukan hane-hanen da suka rage suka faɗi rana ɗaya. A 2024 kuma mutanen Kalifoniya suka sake fitowa da ƙuri'arsu, suka share abin da suka rubuta a 2008.

Ya kai mai-karatu, ka lura da wannan. Wanda ya ce aure na namiji da mace ne domin mutum 61 cikin 100 sun yarda, me zai faɗa ran da 61 ɗin suka juya baya? Ya riga ya yarda da bakinsa cewa ƙidaya ce alƙali. Ba shi da sauran bakin ƙara.

Sa'an nan mu komo gida. Irin ƙuri'ar da Baba ya ke so, wadda a ke kira ƙuri'ar raba gardama, tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai tanade ta ba sai a waɗansu al'amura kaɗan, kamar ƙirƙiro sabuwar jiha, ko kiranye ga ɗan majalisa. Tsofaffi za su tuna da wadda aka yi cikin Fabrairu 1961, sa'ad da mutanen Mubi da Gwoza da Gembu suka zaɓi zama cikin Nijeriya, aka kira ƙasarsu Lardin Sardauna. Wannan maganar iyakar ƙasa ce. Maganar auren jinsi kuwa, doka ta riga ta gama da ita tun tuni. Majalisar Dattawa ta zartas da dokar hani cikin Nuwamba 2011, Majalisar Wakilai ta bi cikin Mayu 2013, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu cikin Janairu 2014. Dokar ta yanka ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi irin wannan aure, shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya yi shaida ko ya taimaka, ta kuma hana a yi shi cikin majami'a ko masallaci. Tun kafin ta, dokar laifuffuka ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960 tana hukunta aikin luwaɗi. A nan Jigawa kuma an kafa shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, tana da nata hukunci mai tsanani a kan Musulmi. Ƙofar da Baba ya ke so a rufe, sakata uku ke gare ta.

To, in haka ne, me ƙuri'a za ta ƙara? Ba za ta gaya mana abin da ba mu sani ba. Cibiyar Pew ta Amurka ta yi tambaya a Nijeriya cikin 2013, mutum 98 cikin 100 suka ce ba su yarda jama'a ta karɓi wannan hali ba. Abin da za ta ƙara shi ne watanni na kamfe, da lasifika a kasuwar Shuwarin da tashar Kiyawa, 'yan siyasa suna rige-rigen nuna wanda ya fi wani kishin addini, alhali asibitin ƙauye ba magani. In an gama zuga samari kuwa, sai su fara dube-duben wanda za su nuna da yatsa. Ba zato mu ke yi ba. Cikin watan nan da aka sa wa dokar hannu, Janairu 2014, taro ya yi ta jifar kotun shari'a a Bauchi ana cikin sauraron ƙarar waɗansu mutane da aka tuhuma, har shari'ar ta tsaya. Cikin Fabrairu na shekaran nan aka bi gida gida da dare a Gishiri, cikin Abuja, ana fitar da maza ana dukansu da sanduna. A Ikko kuma an kama mutane a wani otal cikin 2018, aka nuna fuskokinsu a talabijin, aka kai 47 gaban kotu. Cikin Oktoba 2020 alƙali ya kori ƙarar domin masu-ƙara ba su zo sun tsaya a kanta ba. Kotu ta sake su, amma wa zai mayar masu da sunansu?

Kada wani ya karanta zuwa nan ya ce faston Dutse ya fara santsi. Bari mu faɗi inda muka tsaya a sarari. Sa'ad da Farisawa suka zo wurin Ubangiji da tambayar saki, bai tambaye su ra'ayin mafi yawan malamai ba, ko da shi ke malaman zamanin sun rabu biyu a kan maganar. Ya mai da su can farko, ga littafin Farawa, inda Mahalicci ya yi mutum namiji da ta mace, ya kuma ce mutum zai bar gidan iyayensa ya haɗu da matarsa su zama jiki guda. Ran da aka kafa aure ba taro, ba majalisa, ba akwatin zaɓe. Allah ne ya kawo amarya, shi ne kuma shaida. Manzo Bulus ya ɗauki auren nan ya ce hoto ne na Kristi da ekklisiyarsa (Afisawa 5). Ya kuma lissafta kwanan namiji da namiji cikin ayyukan da ba su gamshi Allah ba (Romawa 1, 1 Korintiyawa 6). A kan wannan mu ke. Ba mu ɗaura irin wannan aure ba, ba kuwa za mu ɗaura ba, ko da a ce gobe majalisa ta soke dokar 2014, ko da dukan Nijeriya ta ɗaga hannu ta ce a yi. Dalilin ke nan da ba mu so a jingina shi ga ƙuri'a. Abin da ke tsaye bisa Maganar Allah, in ka sa masa tokara ta kara, mutane za su zaci karan ne ke riƙe da shi.

Ba mu ce zaɓe mugun abu ne ba. Mu kan yi layi cikin rana mu zaɓi gwamna da ciyaman, cikin ekklisiya kuma mu kan zaɓi dattawa, kamar yadda jama'ar Urushalima suka zaɓi mutum bakwai domin hidimar gwauraye (Ayyukan Manzanni 6). Ƙuri'a ta iya nuna wanda zai riƙe ma'aji. Amma ba ta iya nuna abin da ke zunubi da abin da ba zunubi ba. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, gaskiya ne a fagen noma da fagen yaƙi. Amma ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka ga sau nawa sarkin yawa ya yi gaskiya. 'Yan leƙen asiri goma sha biyu Musa ya aika Kan'ana, goma suka rinjayi biyu, jama'a suka bi goman, har suka nemi su jejjefi biyun. Sakamakonsa shekara arba'in cikin jeji. A Afisa gari ya cika dandali, aka yi wajen sa'a biyu ana ihu da murya ɗaya, Luka kuwa ya gaya mana yawancinsu ba su ma san dalilin taruwar ba. Ƙuri'ar raba gardama mafi girma da aka taɓa yi a duniya kuwa, Bilatus ne ya kira ta. Ya tsai da mutum biyu, ya ce jama'a su zaɓa. Kun san wanda aka zaɓa, kun san wanda aka kai Golgota. Domin wannan Attaura ta gargaɗi Isra'ila tun a jeji kada su yaɗa jita-jita, kada su bi taro zuwa mugunta, kada kuma mai-shaida ya karkata maganarsa domin ya gamshi masu yawa.

Mu masu-bi na Dutse ya kamata mu fi kowa gane wannan karatu, gama mun koye shi da jikinmu. Wa cikinmu ya manta da watan Satumba na 2006? Magana ce ta tashi cewa wata mace Kirista ta faɗi abin da bai dace ba game da Annabin Musulunci. Ba a kai ga alƙali ya zauna ya ji shaidu ba, sai wuta. Majami'u fiye da goma suka ƙone, har da babbar majami'ar Anglikan ta St. Peter, da shaguna da gidaje. Mata da yara suka gudu barikin 'yan sanda, aka sa dokar hana fita. Mu a lokacin muna samari, ba mu shiga makarantar Littafi Mai Tsarki ba tukuna. Abin da ba za mu manta ba, maƙwabcinmu ne, Musulmi, mai sayar da dabino, ya buɗe ƙofar zaurensa ya shigar da mu ɗakin uwargidansa, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya zauna da tasbaharsa kamar ba kome. Ran nan mutum ɗaya ya yi gaskiya, ɗaruruwa suka yi kuskure. Da ƙuri'a aka jefa a kan titi a sa'an nan, da ba mu ne ke rubuta wannan ba.

Baba ya ce a kan maganar auren jinsi mu da masu rinjaye bakinmu ɗaya ne. Haka ne. Akwai daɗi kuwa, ga mutanen da suka saba zama 'yan kaɗan, su sami rana ɗaya da za su tsaya cikin babban taro su yi ihu tare da kowa. Mun san wannan marmari, yana cikin zuciyarmu mu ma. Amma mu yi tunani. Idan muka koya wa jiharmu cewa kowane abu na lamiri a kan ƙidaya kawuna ne a yanke shi, wace tambaya ce za ta biyo baya? A ce an tambayi ƙananan hukumomi 27 na Jigawa ko a ba da fili domin gina sabuwar majami'a, ko Bamaguje na ƙasar Gwaram ko Birnin Kudu yana da ikon ya zaɓi bin Yesu. Ba mu ce maƙwabtanmu za su ƙi mu ba, mun riga mun ba ku labarin mai dabino. Amma za ka so sujadarka ta rataya ga ƙidayar ranar? Sashi na 38 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin addini ba tare da an tambayi unguwarsa ba, da shi mu ke fakewa. Mai jifa a kasuwa bai san kan wanda zai fasa ba.

Kada kuma mu ce taro mai-jifa na waɗansu mutane ne, mu ba mu da irinsa. Cikin Maris 2025 a Uromi ta jihar Edo, ƙasar da majami'u suka cika, taro ya tare mafarauta 'yan Kano masu komawa gida domin salla, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe 16. A Taraba kuma, bayan babban taron Ekklisiyar United Methodist ya jefa ƙuri'a a Amurka cikin 2024 ya cire haninsa na dā a kan wannan magana, ekklisiyar ta tsage biyu a Nijeriya. Cikin Disamba 2024 a Munga Dosso, ƙasar Karim Lamido, masu-bi suka tasam ma masu-bi, rai uku suka salwanta, biyu daga ciki yara ƙanana. Abin baƙin ciki, ɓangarorin nan biyu duka suna cewa aure na namiji da mace ne. Koyarwarsu ɗaya, amma aka haƙa kaburbura.

Yanzu za mu faɗi abin da ya fi yi mana wuyar faɗi, gama laifinmu yana ciki. Mun nemi izinin uwar kafin mu rubuta, ba kuwa za mu ambaci suna ko unguwa ba.

Akwai wani yaro cikin ekklisiyarmu, ɗan gwauruwa, yana koyon ɗinki, yana cikin ƙungiyar mawaƙa. Mai sanyin hali ne, ba ya shiga hirar samari, muryarsa kuwa siririya. Faɗa ya haɗa shi da wani abokin aikinsa a kan bashi, abokin ya jefe shi da kalmar nan a gaban mutane. Kafin mako ya zagayo magana ta cika unguwa, ta shiga wayoyin samari har da hotonsa. Mai shagon ya ce ya dakata da zuwa. Ran asabar ya zo koyon waƙa, ba wanda ya ce masa kome, amma bencin da ya zauna ya zama nasa shi kaɗai. Ran taron Zumuntar Mata uwarsa ta ga ana janye tabarma daga kusa da ita.

Mun ji maganar tun ranar farko. Mun san abin da Ubangiji ya umurta cikin Matta 18, cewa in ɗan'uwanka ya yi laifi ka fara zuwa wurinsa kai kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a gaya wa ekklisiya. Mun san Attaura ba ta karɓar shaidar mutum ɗaya a kan kowa (Kubawar Shari'a 19). Mun koyar da waɗannan a aji. Duk da haka mako biyu muka yi ba mu taka gidan ba. Me ya hana mu? Tsoro ne. Muka ce cikin ranmu, in aka ga babur ɗin fasto a ƙofar gidan nan za a ce majami'a tana ɓoye 'yan luwaɗi, wa ya san abin da zai biyo baya a gari irin namu? Muka kira tsoron nan hikima. Sai da uwar ta zo da kanta da dare, ta durƙusa a ƙofar ɗakinmu, ta ce, "Baba Fasto, ko ɗana ya yi ko bai yi ba, ba tunkiyarka ba ce?" Ba mu sami amsa ba.

Kashegari muka je. Mun zauna da yaron har rana ta yi tsaka. Abin da ya faɗa mana na ɗakin shawara ne, ba na mujalla ba, kada kowa ya tambaye mu. Amma mun makara. Bayan kwana uku waɗansu samari suka tare shi a hanya da duwatsu, Allah ya sa ya kuɓuta da rauni a goshi; da asuba ya shiga motar Kano. Ba a jefa ƙuri'a cikin ekklisiyarmu ba, ba wanda ya ɗaga hannu, amma an yanke masa hukunci da ido da matsa benci, mai-kiwon kuma ya yi shiru.

Tun daga ran nan ba mu iya karanta Yohanna 8 kamar dā. Ku duba yadda abin ya ke. Matar nan ba ƙage aka yi mata ba, an kama ta. Masu-ƙara suna da aya a hannu, suna da rinjaye, suna da duwatsu. Ubangiji bai ce zina ta daina zama zunubi ba. Ai a ƙarshe ya sallame ta da gargaɗi ta rabu da wannan hanya. Amma kafin ya yi mata magana a kan zunubinta, sai da ya tsaya tsakaninta da taron, ya mai da kowane mutum ga nasa lamiri, har suka zare jiki ɗaya ɗaya, tsofaffi ne suka fara. Da ya bar su sun jefe ta, wa zai yi wa gargaɗin? Gawa ba ta tuba. Wanda muka kora zuwa tashar Kano ba zai ji wa'azinmu ba, kome gaskiyarsa. Kurkuku ma, ko da hukuma tana da nata aiki wanda Allah ya ba ta (Romawa 13), ba mu taɓa ganin ya sāke zuciyar mutum ba. Wannan aikin Ruhu Mai Tsarki ne.

Ku koma kuma ga 1 Korintiyawa 6, inda mu kan tsaya da karatu da wuri. Jerin nan na Bulus yana da tsawo: mazinata suna ciki, da ɓarayi, da masu-haɗama, da mashaya, da masu-zage-zage, da masu-ƙwace. Wa cikinmu ya taɓa roƙo a jefa ƙuri'a a kan haɗama? Sa'an nan aya ta 11 ta nuna cewa waɗansu cikin masu-bi na Korinti dā haka su ke, har Kristi ya wanke su. Watau a ekklisiyar nan akwai mutanen da suka fito daga wannan hali, suna zaune a teburin Ubangiji tare da sauran. Ta wace ƙofa suka shigo? Wani ne ya zauna kusa da su a benci. Kada kuma mu ruɗi kanmu cewa Bature ne ya kawo abin cikin jirgi. Kalmar luwaɗi da kalmar maɗigo tsofaffi ne cikin harshenmu, sun riga intanet, sun riga mishan. Mai fama da wannan jaraba yana iya zama ɗan da muka haifa, wanda ya haddace ayoyi a makarantar Lahadi, yana kuka da dare, ba shi da wanda zai gaya wa domin ya ji irin maganar da mu ke yi a inuwar darbejiya.

Laifi tudu ne, in ji mutanenmu, ka taka naka ka hango na wani. Cikin shekarun da muka yi muna hidima a ƙasar Dutse ba a taɓa kawo mana maza biyu a ce mu ɗaura masu aure ba, ko sau ɗaya. Amma ku tambaye mu mata nawa suka zo gidan fasto da kumburarren ido. Ku tambaye mu magidanta nawa suka tafi ci-rani Abuja ko Fatakwal, damina biyu ba aike, sai labari ya zo an ajiye wata a can. Gwauruwa nawa dangin miji suka raba da gona tun ba a share makoki ba? Samari nawa suka kai shekara talatin da biyar ba aure domin tsadar lefe da dogon lissafin da iyayen yarinya, dattawan ekklisiya, suka miƙa masu, har suka faɗa cikin fasikanci? Yarinya nawa aka cire daga makaranta aka ba wanda ba ta so? Annabi Malachi ya gaya wa mutanen zamaninsa cewa Ubangiji ya ƙi karɓar baikonsu, ko da sun jiƙa bagadi da hawaye, domin sun ci amanar matan ƙuruciyarsu. Garar da ke cin auren Kirista a Jigawa daga cikin ɗaki ta ke. Ɗaga hannu a kan zunubin da bai taɓa jarabtarka ba abu ne mai araha. Mayar wa gwauruwar ƙanenka gonarta, wannan shi ke da tsada.

Mun karanta wa Baba wannan takarda kafin mu aika da ita wurin bugawa. Bai yarda da mu duka ba. Ya ce har yanzu yana ganin akwai amfani jama'a su faɗi ra'ayinsu da babbar murya, domin ƙasashen da ke matsa wa Afirka lamba su ji. Muka ce wannan magana ce da za a iya zama a kanta. Amma da muka kai labarin yaron sai ya yi shiru, gama jikarsa tana cikin mawaƙan da suka matsa daga bencin.

Majalisar dattawa ta zauna a kan al'amarin. An shirya cewa daga yanzu duk maganar da ta taso a kan wani ɗan ekklisiya, kowace iri ce, fasto da dattijo ɗaya za su isa gidansa kafin kwana biyu su wuce, kuma ba za a dakatar da kowa daga waƙa ko Jibin Ubangiji ba sai an ji daga bakinsa. Shugabar Zumuntar Mata ta je ta ba uwar haƙuri, ta komo taro, ko da shi ke har yanzu a baya ta ke zama. Yaron kuwa an gaya mana yana wajen Sabon Gari yana taya wani tela aiki, ba ya zuwa sujada ko'ina. Ran Alhamis za mu tafi nemansa, mu da dattawa biyu. Baba ya ce a sa da shi, shi ne kuma zai biya kuɗin mota.